Tambaya da Amsa: Tsofaffin Fastocin 'Yan Sikawut na Yahudawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tara tsofaffin fastoci, wato takardun sanarwa da ake mannawa a bango, a nan Agege. An yi min tallar wata ta ƙungiyar sikawut ta matasan Yahudawa, wai ta shekarun 1930 ce. Yaya zan gane ta asali ce, kuma yaya zan adana ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara duba sunan ƙungiyar da shekarar da ke jiki. An kafa Hashomer Hatzair a 1913, Tzofim a 1919, Betar a birnin Riga na ƙasar Latbiya a 1923, Habonim kuma a Landan a 1929. Fastar da ta girmi ƙungiyarta jabu ce. Idan lissafin shekarar Ibrananci ne, cire 3760: misali 5695 ta kama 1935, ko ƙarshen 1934.

Na asali suna wuyar samu, domin a takarda mai araha aka buga su don mannawa a bango, kuma da yawa daga na Folan sun salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa kwafi ya yawaita.

Nemi gilashin ƙara girma mai ninki 10. Bugun dutse na da, wato wanda ake zana hoto a kan dutse a buga shi a takarda, launinsa a shimfiɗe yake, da 'yan ƙwayoyi marasa tsari. Idan ka ga ɗigo-ɗigo reras kamar furanni, ko feshin tawada, ka yi hattara, domin wataƙila kwafin zamani ne. Sannan ka haska ta cikin duhu da irin fitilar da 'yan canji ke duba jabun kuɗi. Takardar da ta yi shuɗi fes tana da sinadarin ƙara fari, wanda bai yaɗu ba sai a shekarun 1950. Amma rashin hasken kaɗai ba hujja ba ne cewa ta asali ce. Duba sunan maɗaba'a a gefen ƙasa, ka kuma tambayi mai sayarwa hannayen da ta biyo.

Adanawa ce ta fi damunmu, domin laimar Legas takan haura kashi 80, funfuna kuwa daga kashi 65 take fara cin takarda. Shimfiɗa ta cikin jakar takarda marar asid, a akwati mai rufuwa gam, nesa da bango da ƙasa saboda gara. Sa ƙunshin silika mai tsotse laima da ma'aunin laima, ka tsayar da laimar tsakanin kashi 40 da 50. Don Allah kada a kai ta laminatin, domin zafi da gam suna kama takardar har abada. Salatif ma yana barin tabo rawaya. Idan ta yage, bar wa ƙwararre ya liƙa da takardar Jafan da kokon sitacin alkama.