Dutsen da bai yi amo ba, kada ka sa masa kurfi

Ka tambaye ni yadda ake gane mabul mai lafiya kafin a fara sassaƙa. To yau kam ka yi tambaya, yaro. Da maganar riƙon kurfi ce ko wasa shi, da ban ɓata bakina ba, wanda ke da ido ya gani a hannuna tun tuni.

Guduma za ka ɗauka ka bi dutsen ka buga ta kowace kusurwa, kana saurare. Mai lafiya zai amsa maka da amo mai tsawo, tangararan. Mai tsaga a ciki sai ka ji ƙif, muryar ta mutu nan take. Sannan ka watsa masa ruwa ka tsaya. Jikin zai bushe, amma inda tsaga take ruwan zai maƙale, ka ga wani siririn layi mai duhu ya ƙi tafiya. Ka duba kuma inda jijiyoyinsa suka nufa, domin mabul asalinsa dutsen farar ƙasa ne da zafi da nauyin ƙasa suka sauya, kuma yana da ɓangaren da ya fi saurin rabewa.

Abin da ya sa na tsaya ba ka amsa shi ne wani attajiri da ka tuna min da shi. Mutumin nan ya zo da dutsensa a bayan babbar mota, fari tas, ya ce daga Karara ta ƙasar Italiya aka kawo masa, doki yake so a tsaye, wuya a lanƙwashe. Na buga, gefe uku suka amsa, na huɗu ya yi shiru. Na ce masa, Alhaji, dutsen nan akwai magana a cikinsa. Ya yi dariya, ya ce tsoron aikin nake ji, ya dafa ƙirji a gaban yarana ya ce in wani abu ya faru asarar tasa ce, kuɗin hannuna kuma ba za su yi ciwon kai ba. Ruwan da na watsa bai nuna komai ba, sai daga baya na san dalili.

Na yi watanni a kan dokin nan. Na fitar da ƙirji, na bar masa kututture ƙarƙashin ciki, don ƙafafun mabul su kaɗai ba sa ɗaukar nauyin gangar jiki. Gashin wuya na bi shi tsiri-tsiri, hancin a buɗe har kana ganin jijiyar da ta bi ta gefen fuska. Wallahi ban taɓa fitar da kan doki kamar wannan ba. Ina kan gyaran ƙasan muƙamuƙi, bugun da ko ƙwai ba zai fasa ba, sai na ji tas. Wuyan ya rabe tun daga bayan kunne har kafaɗa, kan ya faɗo gabana.

Da na duba bakin tsagar sai ga gam, ruwan ɗorawa, an kwaɓa shi da garin mabul an ɗura, an goge waje ya yi sumul. Shi ya hana ruwa shiga. Direban da ya kawo dutsen ne ya tsegunta min cewa wani masassaƙi ya riga ya ƙi shi, kuma attajirin ya sani sarai, da araha ya saye shi saboda aibin. Na je masa da guntun a hannu. Ko kallonsa bai yi ba, ya ce hannuna ne ya yi nauyi, ni na fasa masa dutse mai tsada, in gode Allah bai ce in biya ba. Bai tsaya nan ba, ya bi manyan mutane yana cewa na tsufa, idona ya mutu. Ayyukan da na rasa saboda bakinsa sun fi dokin ciwo. Gangar jikin ma ya aiko aka ɗauke, aka yayyanka aka yi saman tebura. Har gobe ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kun ɗauka injin yanka shi ne sana'a. Ku ga dutse a hoton waya ku ce a kawo, ko taɓa shi ba ku yi ba. Michelangelo, wanda ya sassaƙa mutum-mutumin Dauda tsakanin 1501 da 1504, wata takwas ya yi a Karara a 1505 yana zaɓen duwatsu da kansa. Duk da wannan ido nasa, ya taɓa barin wani aiki da ya yi nisa saboda baƙar jijiya ta ɓullo a fuskar. Kai wane ne da za ka yarda da dutse don mai shi ya rantse?

In mutum ya kawo dutsensa, ka buga a gabansa ya ji da kunnensa. Inda ka yi shakka, ka kankare fatar da kurfi mai haƙora, ka ɗora wuƙa mai zafi a wurin, gam zai yi taushi ya yi wari, mabul ba ya yi. Abin da kuka gani a rubuta, ya sa hannu a gaban shaidu, ya ba da kafin alƙalami, sauran kuɗin kuma kashi-kashi yadda aiki ke tafiya. In ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce eh, ya kira motarsa ta kwashe dutsen.