Amsa: An soke gyarana a Minecraft Wiki

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta a Minecraft Wiki, kundin bayanan wasan Minecraft, cewa a Y=12 (Y shi ne ma'aunin hawa da zurfi a wasan) aka fi samun lu'ulu'u, aka soke, yanzu kana so ka mayar. Don Allah dakata. Tun sigar 1.18 ta Nuwamban 2021 ƙasan duniyar wasan ya sauka zuwa Y=-64, lu'ulu'un kuma ya fi yawa can ƙasa. Bayaninka ya tsufa ne kawai.

Je shafin tattaunawa, ka gaisa da wanda ya soke, ka faɗi sigar da ka gwada, Java ko Bedrock (manyan nau'o'in wasan biyu), don ba a komai suka daidaita ba. Yawan ja-in-ja kan jawo a toshe mutum. Ka riƙa cike gurbin taƙaita gyara. Rashinsa ya taɓa sa an soke nawa.