Askirim mai gina jiki a gida: me za a saya, me za a bari?

Tambaya daga Kaduna: Anti, barka da aiki. Ina yawan ganin bidiyon askirim da ake yi da wani farin cuku mai gudaji-gudaji, wai ya fi na kanti gina jiki. Na zaga manyan kantuna, wuri ɗaya na same shi, kuɗinsa kuwa sai da ya ɗaga min hankali. In daure in saya, ko akwai madadinsa?

'Yar'uwa, abin da kika gani a jikin robarsa an rubuta cottage cheese, kuma askirim ɗinsa ya yi tashe ne a TikTok a 2023. Maganar gina jikin gaskiya ce: giram 100 na wannan cukun yana da furotin kimanin giram 11, askirim ɗin kanti kuwa bai cika wuce giram 3 zuwa 4 ba, sauran duk sukari ne da kitse da ruwa. To amma a Amurka abincin yau da kullum ne mai araha, shi ya sa suke cika bilenda da shi ba tare da tunani ba. Idan ya ƙetaro teku a cikin sanyi, kuɗin hanya kike biya, ba ki kuma da tabbacin bai ɗumame a hanya ba. Ni dai ban ba ki shawarar saye ba, domin madara da lemun tsami ne kawai, kuma kina da su.

Ki samu madarar shanu lita 2, ki tafasa ta sosai. Wannan tafasar ba ta da sassauci, don ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da wasu cututtukan. Ki sauke, ki ba ta minti 5 ta ɗan huce, sannan ki riƙa zuba ruwan lemun tsami cokali-cokali kina juyawa a hankali. Wajen cokali 4 zuwa 6 za ki ga ta tsinke: fararen gudaji suna tasowa, ruwan ya koma garai-garai mai ɗan ɗorawa-ɗorawa. Da kin ga haka ki tsaya, ƙarin lemun zai ƙara tsami ne kawai. Bayan minti 10 ki juye a tsaftataccen yadin tata, ki ɗauraye gudajin da ruwan sanyi, amma kada ki matse shi kamar za ki yi awara. Da damshinsa ake so. Ruwan da ya tsiyaye kuma kada ki zubar, ki kwaɓa fulawa da shi.

Idan madarar gari za ki dama, ki juya gwangwanin ko ledar ki karanta. Akwai cikakkiyar madara, akwai kuma wadda aka cire mata man shanu aka maye da man ganye, irin wadda ake aunawa da arha a kasuwa. Ki duba layin furotin: cikakkiya takan kai wajen giram 24 a cikin giram 100. Tunda gina jiki kike nema, wannan lambar ita ce abin sayenki, ba kyan hoton da ke jikin leda ba.

Haɗin askirim ɗin shi ne kofi 2 na cukun, ayaba 2 da suka nuna har ɓawonsu ya yi ɗigo-ɗigo, dabino 5 ko 6 da aka jiƙa aka cire ƙwallon, cokali 2 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da rabin kofin kindirmo. Ki niƙa fiye da yadda kike zaton ya isa. Ki lakata ki murza tsakanin yatsunki. In kin ji tsaki-tsaki, ki sake kunna bilenda, don sanyi ba ya gyara abin da niƙa bai gyara ba. Sai firiza na awa 3 zuwa 4, kina fito da shi duk bayan rabin awa kina bugawa da cokali mai yatsu.

Ranar da ba ki da lokacin wannan duka, ki zuba kindirmo a yadin tata ki bar shi a firij ya kwana yana tsiyaya. Da safe zai yi kauri, ya kuma yi miki aikin. Awarar waken suya ma tana da furotin, sai dai ƙanshin waken yana fitowa a abu mai sanyi da zaƙi.

Tambaya daga Kano: Ƙanina zai dawo daga Amurka, ina son ya taho wa maiɗakina da injin yin askirim na Ninja Creami. Ya cancanci kuɗinsa?

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan kulawa. Injin yana aiki da kyau, musamman ga irin wannan haɗin mai ƙarancin sukari da kitse, wanda yakan daskare ya yi tauri. Abin da yake yi shi ne goge daskararren haɗin da wuƙa mai gudu har ya yi laushi. Amma ka tsaya kan abu biyu kafin ka tura kuɗi. Wanda ake sayarwa a Amurka na wutar bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. A jona shi kai tsaye a bango, ya ƙone. Sai dai a nemo ƙirar Ingila, ko a haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta mai girma. Na biyun ya fi nauyi: injin ba ya sanyaya komai da kansa, yana bukatar haɗin ya yi awa 24 a firiza ya daskare ƙam. Idan wutar unguwarku tana zuwa tana ɗaukewa, kuma babu sola, zai zauna a kwali yana shan ƙura.

Da ni ce, bilenda mai ƙarfi zan saya mata, wadda za ta yi markaɗen miya da kunun aya ta kuma yi wannan. Sai ta daskarar da haɗin a farantin ƙanƙara, ta juye ƙwayoyin a bilenda da ɗan madara, ta niƙa a sha nan take. Kuma duk wanda ya narke gaba ɗaya bayan ɗaukewar wuta ya ɗumame, kada a mayar da shi firiza. Ku riƙa yin daidai cin rana ɗaya.

Tambaya daga Maradi: Mahaifiyata tana da ciwon sukari da hawan jini. Zan iya ba ta, tunda an ce na lafiya ne?

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kada sunan ya ruɗe ki: dabino da zuma da ayaba duk suna ɗaga sukarin jini. Cukun kanti kuma yana da gishiri sosai, sodiyam ɗinsa yakan haura miligiram 300 a giram 100, wanda mai hawan jini ba ya so. Na gida ya fi mata, tunda ba ki sa gishiri ba. Ki cire dabinon, ki bar ayaba ɗaya da gyaɗar, ki ƙamsasa da kirfa, ki ba ta rabin ƙaramin kofi bayan abinci. Ku auna sukarinta awa 2 bayan ta sha a karon farko. Idan kuma ciwon ya taɓa ƙodarta, yawan furotin ɗin kansa sai da izinin likitanta. Jikokin da ke gidan su sha nasu da dabino, sai dai jaririn da bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi abin da aka sa wa zuma.