Jinina ya sauka, ko zan iya ajiye maganin hawan jini a sabuwar shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 52, kuma na jima ina shan amlodipine. Na ƙuduri aniyar gyara lafiyata a wannan sabuwar shekara, har na sayi na'urar awon jini, na fara tattaki bayan sallar asuba. Yanzu awon yana nuna 128/82. Wani abokina ya ce ƙwayar za ta lalata min ƙoda, ya kawo min haɗin gargajiya na wanke jini. Hankalina ya tashi. In ajiye ƙwayar? Me kuma ya kamata in tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ajiye ta. Wannan 128/82 da kake murna da shi aikin ƙwayar ne, tattakin ya taimaka mata.

Kusan kullum sai an zo min da wannan magana, kuma ta ishe ni. A wurin mafi yawan mutane hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani na 'yan kwanaki a wuce wurin, daidaita shi ake yi. Amlodipine kuma tana daɗewa a jiki kafin ta fita, shi ya sa wanda ya daina yakan ga awo lafiya lau a kwanakin farko, sai ya ce ai ga shi ya warke. Bayan nan jinin ya riƙa hawa a hankali, babu ciwon kai, babu jiri. Wasu ba ma sake ganinsu sai an ɗauko su da shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, 'yan uwa suna cewa iska ce ta buge shi.

Zancen ƙoda kuwa abokinka ya juya shi ne. Hawan jini da aka bari babu kulawa yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutum ga wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, da kuɗin da ke cinye gona da gida. Masu cutar da ƙoda da gaske su ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa, da jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Mai lasifika a bakin tasha ya ce kwalba ɗaya tana maganin hawan jini da suga da basir da sanyi. Ka taɓa ganin ya auna wani kafin ya sayar masa? Ko da akwai lambar NAFDAC a jikin kwalbar, lambar ba shaida ba ce cewa tana warkar da abin da aka lissafa. Wanke jini kuma aikin hanta da ƙoda ne, ba sa neman taimakon kwalba.

Tanadinka ba mai tsada ba ne. Na'urar ta zama ta damtse, ta fi ta wuyan hannu inganci. Ka zauna minti 5 ka jingina bayanka, hannu daidai da ƙirji, kada ka ci goro ko ka sha taba minti 30 kafin awo. Ka auna sau biyu, safe da yamma, ka rubuta a ƙaramin littafi da kwanan wata. Littafin nan ya fi min amfani a kan "ina jin sauƙi". Idan awon gida yana yawan kaiwa 135/85, ka zo da shi. Idan ya kai 180/120 ga ciwon ƙirji ko nauyin harshe ko dishi-dishin gani, asibiti nan take.

Ka sa ƙararrawar waya, ko ka haɗa shan ƙwayar da sallar asuba. Tattakin ya kai minti 150 a mako. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da kanwa suna cikin lissafi, don haka sai ka zauna da uwargida. Idan nauyinka ya ragu, littafin kuma ya nuna watanni na awo mai kyau, likitanka na iya rage maka ƙwayar da kansa. Haɗin nan kuma ka mayar wa abokinka, ka ce masa shi ma ya zo a auna shi.