Mujiya a Tsohon Ɗaki, Kura a Bakin Garke: Yaushe Kisa Yake Halatta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Gidanmu a bakin daji yake, kuma abubuwa biyu sun hana mu sakat. Na farko, wata mujiya ta yi sheƙa a wani tsohon ɗaki da ba a kwana cikinsa, kullum dare sai ta yi kuka. Da wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu sai mutane suka ce ita ta kira mutuwar, yanzu sun matsa min in kashe ta da 'ya'yanta, in kuma ƙone jemagun da ke kan bishiyar bayan gida. Na biyu, cikin wata biyu kura ta ɗauke mana tumaki uku. Wani ya ce in zuba guba a mushen tunkiya in ajiye mata a hanya, ma'aikatan gandun daji kuma sun ce doka ta hana. Ina tsoron Allah, ina kuma jin zafin asarata. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya jiƙan maƙwabcinka, ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa.

Ɗan'uwa, kada ka yi wa dabbobin nan kuɗin goro. Ɗaya ta taɓa dukiyarka da gaske, ɗaya kuwa bakin mutane ne ya kama ta. Shari'a tana rataya halaccin kisa a kan cutarwar da ta tabbata, ba ruwanta da baƙin jinin dabba ko munin fuskarta.

Bari mu fara da mujiya, domin maganarta ta taɓa aƙida kafin ta taɓa dabba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya kore abubuwa huɗu a hadisi ɗaya, daga ciki akwai ɗiyara, wato camfa abu da shu'umci, da kuma "hama". Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya kawo fassara biyu ga wannan kalma. Ɗaya ita ce Larabawan jahiliyya suna cewa in wannan tsuntsun dare ya sauka a gidan mutum to ya zo yi masa shelar mutuwarsa ko ta wani nasa, kuma Nawawi ya ce wannan ita ce fassarar Imam Malik. Ka ga abin da maƙwabtanka suke faɗa ba sabo ba ne, tsohon zance ne da Annabi ya rushe da bakinsa. Dattijon nan kwanansa ne ya ƙare. Mujiya ta yi kuka darare da yawa kafin rasuwarsa ba wanda ya mutu, sai dai wancan ba wanda ya ƙirga shi. Haka camfi yake rayuwa: a tuna ranar da ya dace, a manta da ɗarin da ya saɓa.

Saboda haka kashe ta da wannan niyya haramun ne ta fuska biyu. Akwai gaskata camfi, akwai kuma ɗaukar rai ba da haƙƙi ba. Nasa'i ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa duk wanda ya kashe ɗan tsuntsu ko abin da ya fi shi ba da haƙƙinsa ba, Allah zai tambaye shi. 'Ya'yan nata kuwa, ka tuna hadisin Ibn Mas'ud a Abu Dawud, lokacin da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, ta zo tana karkaɗa fikafikai, Annabi ya ce wa ya tayar wa wannan hankali da 'ya'yanta, ku mayar mata da su. A cikin hadisin nan dai ya ga gidan tururuwa da suka ƙone, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Wannan ya isa amsa a kan ƙona jemagu.

Wani abin lura kuma: ɓera yana cikin dabbobin da nassi ya ba da izinin kashewa, mujiya kuwa babban abincinta ɓera ne. A Malesiya manoma har akwatuna suke kafa mata a gonakin shinkafa da na kwakwar manja don ta zauna ta rage musu ɓarna. Wadda wasu ke jifa, wasu gida suke gina mata, alhali tsuntsuwar ɗaya ce.

Jemage ya ɗan bambanta, don gaskiya ne wasu nau'o'insa suna ɗauke da ƙwayoyin cuta, kamar ta haukan kare da ta Marburg, wani zazzaɓi mai kisa dangin Ebola. Abin da wannan yake wajabtawa shi ne nesanta: kada yara su taɓa shi, kada a ɗauki matacce da hannu, kada a ci ɗan itacen da ya gatsa. Farmakin gayya kuwa yakan ƙara dagula lamari. A Yuganda, bayan cutar Marburg ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka a 2007, an yi wa jemagun ramin kisan ƙare-dangi. Da wasu jemagun suka dawo suka cika ramin, masu bincike suka tarar kason masu ɗauke da cutar ya ninka fiye da biyu, kuma a 2012 cutar ta sake ɓulla a garin da ke kusa. In jemagun sun shigo ɗakin kwana, a toshe kafar bayan sun fita da magariba. In a bishiya suke, a bar su.

Sai kura. A nan ba zan raina asararka ba, kuma shari'a ba ta raina ta ba. Kare dukiya yana cikin manyan manufofinta. A hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim, Annabi ya ambaci dabbobi biyar da ake kashewa har a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo, a wata ruwayar Muslim kuma an ambaci maciji. Ya kira su fasiƙai, wato waɗanda suka fita daga hurumin sauran dabbobi saboda cutarwa. Imam Malik a Muwaɗɗa ya faɗaɗa ma'anar kare mai cizo, ya ce duk abin da ke cizon mutane, yana kai musu hari, yana tsorata su, kamar zaki da damisa da kyarkeci, yana ciki. Amma ka duba abin da ya biyo baya. Ya ce namun dajin da ba sa kai hari, ya ba da misali da kura da yanyawa da kyanwa, mai harama ba zai kashe su ba, in ya kashe sai ya yi fansa. Maganarsa a kan mai ihrami take, kuma kurar ƙasar Larabawa mai zane ce, matsoraciya, ba kamar mai dabbare-dabbare ta Afirka da ke farauta da kanta ba. Ban kawo ta don in ce kurarka ba ta da laifi ba. Na kawo ta don ka ga ma'aunin da limamin ya riƙe: ya dubi abin da dabbar take yi, bai dubi sunan da ta yi ba.

To kurar da ta saba da garkenka mai kai hari ce, kuma malamai suna da ƙa'ida a kan tunkuɗe mai kai hari: a fara da mafi sauƙi, in bai yi ba a matsa gaba. Mafi sauƙi a nan shi ne ka gyara tsaron dare. Shinge mai ƙarfi, ƙofa mai rufuwa, haske, kawar da mushe da shara daga kusa da gida. Annabi ya yi rangwamen riƙe kare don gadin dabbobi, tare da tsananin da ya yi a kan riƙe shi haka kawai, kuma wannan dabara har yau tana aiki. A Namibiya tun 1994 ake raba wa makiyaya karnukan gadi, asararsu ta ragu, harbin namun daji ma ya ragu. Sau da yawa mukan ga laifin kura mu manta da ɓarakar da muka bari a shinge. Ɗaure raƙumi ake fara yi sannan a yi tawakkali.

In ka yi duk wannan ba ta daina ba, ka kai ƙara wurin hukuma su ɗauke ta ko su kashe ta. In kuwa ka same ta cikin garke, ko ta fuskanci mutum, babu hanyar korar ta, ka kashe ta ba ka da zunubi, kuma ba a neman izinin kowa lokacin da rai yake cikin haɗari. Sharaɗi biyu ne. Ya zama ita mai laifin ce, kuma kisan ya zama mai sauri, domin Annabi ya ce in za ku yi kisa ku kyautata kisan. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa tururuwa ta ciji wani annabi, ya sa aka ƙone gidansu, sai Allah ya yi masa wahayi: don me ba ka tsaya a kan guda ɗaya ba? Wannan annabi ne, kuma cizon gaskiya ne, amma an zarge shi da ya wuce mai laifi ya hau kan dangi.

Da wannan za ka gane hukuncin guba a mushe. Haramun ne, kuma ba na shakka a kai. Guba ba ta san kura ba. Duk abin da ya sa baki a naman nan ya tafi: dila, shirwa, karen maƙwabci, sai ruwan sama ya wanke sauran zuwa inda dabbobinka da yaranka suke sha. Mutuwar kuma mai azaba ce. Wadda ta fi shan wahala ita ce ungulu, don a garke take sauka. A Botsuwana a 2019, ungulu 537 suka mutu lokaci guda a kan mushen giwaye uku da mafarauta suka sa wa guba. Wani zai ce to sai me, ungulu ce fa. Indiya ta ga amsar wannan. Wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, ya riƙa kashe ungulun da suka ci mushensu, har wani nau'in ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100 kafin a hana maganin a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizonsu da cutar hauka suka ƙaru. Haka Sin ta yi a 1958, gwamnati ta sa jama'a yaƙi da tsuntsayen gwara don suna cin hatsi, aka kashe su ba adadi. Fara da tsutsa suka samu sarari, amfanin gona ya lalace, a 1960 dole aka cire tsuntsun daga jerin abokan gaba. Garin neman gira an rasa ido. Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, babu wata dabba a bayan ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne irinku, ya kuma zargi mai halaka shuka da zuriya a Baƙara, aya ta 205.

Na san wani ɗalibi zai ce ai an yi umarni da kashe tsaka. Haka ne, hadisin ingantacce ne, muna tsayawa inda ya tsaya. Ibn Abi Zaid ma ya kawo shi a ƙarshen Risala, amma a wuri ɗaya ya ce an karhanta kashe kwaɗi, ya ce tururuwa in ta cutar ba laifi a kashe ta, barinta kuma ya fi soyuwa. Nassin da ya ambaci dabba ɗaya ba lasisi ba ne a kan duk wadda muka ƙi jini.

Kada kuma a ɗauka ƙiyayya ce kaɗai take ɓatar da mutane. So ma yana yi. Aku mai launin toka son da ake yi masa ne ya kwashe shi daga dazuzzukan Afirka zuwa keji, har yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe a taronta na 2016. Sannan mutumin birni mai kallon zaki a talabijin yana iya jin tausayinsa fiye da makiyayin da zakin ya talauta. Wannan ma son zuciya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, galibinsu talakawan karkara, don haka wanda ya ce wa mazaunin bakin daji tsoronsa jahilci ne kawai bai yi adalci ba.

Game da dokar gandun daji, bin ta wajibi ne matuƙar maslaha ce ta gina ta, don shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda amfanin jama'a. Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe makiyayun Sharaf da Rabaza, kuma a 2014 majalisar malaman Indonesiya ta haramta farauta da fataucin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Sai dai haƙƙin ya hau kan hukuma ita ma. Lokacin da Umar ya naɗa baransa Hunayyu kula da makiyayar da aka keɓe, ya ce masa ya sassauta wa Musulmi, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare dabbobin Ibn Auf da Ibn Affan, don su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino. Hukumar da ta hana ka kisa, wajibinta ne ta zo in ka kira, ta kuma duba asararka. Ka rubuta ranakun da aka ɗauke tumakin, ka sami shaidu, ku je tare da sauran waɗanda abin ya shafa.

Maƙwabtanka kuwa kada ka yi musu gatsali, suna cikin jimamin rashi. Ka nemi limaminku ya karanta musu hadisin hama a zaman ta'aziyya ko bayan sallah, zai fi shiga daga bakinsa. In kukan mujiyar ya dame ku ƙwarai, ka jira 'ya'yan su yi fikafikai su tashi, sannan ka toshe tagar ɗakin.

Wallahu a'alam.