Sayar da makarantun gwamnati ko gyara su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Yamai, kuma yawan yajin aikin malamai ya sa na cire 'ya'yana daga makarantar gwamnati na kai su ta kuɗi. Tunda na ga bambanci, shin ba zai fi kyau gwamnati ta miƙa makarantunta ga 'yan kasuwa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu mai ganin laifinka, domin uba ba zai zura ido shekarar karatun ɗansa ta salwanta ba. Sai dai abin da ya fisshe ka a Yamai ba zai fisshe ƙasa baki ɗaya ba, saboda mai makarantar kuɗi yana kafa ta ne inda iyaye za su iya biya, alhali mafi yawan yaran Nijar suna karkara, inda manomi ke jiran kaka kafin kuɗi su shiga hannunsa. Wane ɗan kasuwa ne zai buɗe aji a rugar makiyaya bayan Abalak, ya ɗauki malami, ya kuma ci riba?

Wasu ƙasashe sun riga mu gwada wannan hanya. A 1981 ƙasar Cile ta fara biyan kuɗi a kan kowane ɗalibi, ko a makarantar gwamnati yake ko a mai zaman kanta. Makarantun kuɗi sun yawaita, amma suka riƙa zaɓen 'ya'yan masu hali suna barin na talakawa, har a 2015 aka yi dokar da ta hana neman riba da tankaɗe ɗalibai a makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati. Laberiya ma a 2016 ta damƙa makarantu 93 ga ƙungiyoyi da kamfanoni 8. Karatu ya ɗan inganta, amma da tsada mai yawa, kuma an raba wasu yara da makarantunsu don a rage cunkoson aji.

A ganina ciwon makarantarmu yana wurin malami, kuma canja mai makaranta ba ya warkar da shi. Daga ƙarshen shekarun 1990, musamman a ƙarƙashin tsarin PDDE (shirin shekara goma na bunƙasa ilimi) da aka fara a 2003, an buɗe makarantu da gaggawa, aka cike su da malaman kwantaragi masu ɗan ƙaramin alawus da gajeren horo, har suka zama su ne mafi rinjaye a firamare. Yara sun shiga aji da yawa, wannan nasara ce ta gaskiya, amma gwajin da aka yi wa malaman a 2017 ya nuna cewa da yawansu ba su mallaki abin da suke koyarwa ba. Mutumin da haƙƙinsa ke makara wata da watanni, aka tura shi ƙauye babu masauki, yajin aikinsa ba abin mamaki ba ne. Kada kuma mu manta da azuzuwan zana: gobarar makarantar unguwar Pays-Bas da ke Yamai a watan Afrilun 2021 ta hallaka yara kusan 20, ta Maraɗi ta biyo baya a watan Nuwamba. Har yau zuciya ba ta daina zafi ba.

Gyara kuwa mun taɓa ganin alamarsa a gida. A jihar Tawa ne aka fara, a 2004 da taimakon ƙasar Japan, zaɓen kwamitocin kula da makaranta ta hanyar ƙuri'a, iyaye suka shiga lissafin kuɗi da sa ido a kan zuwan yara, daga baya tsarin ya game ƙasa. Tun 1973 kuma ake gwada fara karatu da harshen gida a Damagaram, domin yaron da ya koyi haɗa baƙi da Hausa ko Zabarmanci ya fi saurin kama Faransanci. Idan aka haɗa waɗannan da horar da malami, biyansa a kan lokaci, da masu duba makarantu da ke da abin hawan zuwa ƙauye, an kama hanya.

Makarantun kuɗi suna da gurbinsu, dokar ilimi ta 1998 ma ta amince da su. Abin da nake nema shi ne gwamnati ta tsananta bincike a kansu, domin akwai waɗanda gidan haya ne kawai da allo. Kai ma ka nemi ganin takardar izinin makarantar 'ya'yanka, ka kuma zaunar da yaron ya karanta maka shafi guda, kada ka dogara da makin da ke cikin takardar sakamako.