Ina so in leƙa unguwannin Istanbul ni kaɗai, akwai hatsari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Aiki ne zai kai ni Istanbul a watan Disamba, bayan an gama taro ina da kwana 2 nawa na kaina. Zuwana na farko ban wuce Sultanahmet da Taksim ba, duk inda na juya 'yan yawon buɗe ido ne da masu talla, wannan karon so nake in shiga unguwanni in ga yadda mutanen gari suke rayuwa. Amma yayata ta ce wai ganganci ne mace ita kaɗai, ta ce in zauna inda baƙi suke. Ya kike gani?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Yayarki ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma gaskiya ban yarda da lissafin nan na cewa inda baƙi suka taru nan ne tudun mun tsira ba, ai ƙuda wajen zuma yake taruwa. 'Yan sane da 'yan damfara can suke kwana su tashi. Akwai wata sananniyar dabara a Istanbul ɗin, mai goge takalmi zai wuce ta gabanki ya yar da burushinsa kamar bai sani ba, ke kuma da kyakkyawar zuciya ki tsince ki miƙa masa, sai ya nace wai sai ya goge miki don godiya, yana gamawa ya tsuga miki kuɗi. A wuraren baƙi ake wannan, mutumin unguwa ba shi da lokacinki, cefanensa ne a gabansa.

Toh amma kar ki ɗauka na ce ki zura jiki ko'ina. Abin da nake dubawa in na shiga unguwar da ban sani ba ɗaya ne, matan wurin suna ina? In kin ga tsofaffi mata da jakar kasuwa, 'yan makaranta na dawowa, uwa na tura keken jariri, to ki saki jiki ki yi yawonki. In kuma kika karya kwana kika ga layi ya zama na maza zalla, shaguna a rufe, samari sun jingina da bango suna bin ki da ido, ba sai wani ya gaya miki ba, ki juya ta inda kika fito, a natse, ba gudu ba. Su matan unguwa sun san abin da taswirar waya ba ta sani ba, lokacin da suka watse ke ma ki watse. Kuma abin ba a nisa yake ba fa, Tarlabashi tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga titin Istiklal amma an daɗe ana gargaɗin baƙi da shigarta da dare, alhali Uskudar da Kadikoy da ke ɓangaren Asiya na birnin, waɗanda za ki iya zuwa a jirgin ruwa daga tashar Eminonu, cike suke da iyalai.

Ni da ni ce, da Uskudar zan fara, da safe. In Laraba ta same ki a garin kuma akwai kasuwar Laraba a Fatih, mata ne maƙil, sai dai cunkoso, jaka a gaba. Balat na da kyau amma lungunanta matsattsu ne ga hawa da gangara, takalmin da za ki iya sauri da shi za ki sa. Ki tuna a Disamba kafin ƙarfe 6 rana ta faɗi, unguwar da kika gani da hayaniya ƙarfe 3 za ta iya zama tsit kafin ki ankara, saboda haka ki san tashar da za ki koma tun kafin ki fara yawon.

Sai batun waya. Ki sauke taswirar garin a Google Maps tun a masauki saboda ko intanet ya ɗauke, ki tura wa yayar taki inda kike ta WhatsApp, ana iya barinsa a kunne har awa 8, kinga ita ma hankalinta ya kwanta. Amma don Allah kar ki tsaya a tsakiyar titi kina jujjuya waya, wannan shela ce ta cewa kin ɓata. Ki shiga kantin magani, an rubuta Eczane da jan harafin E, ko ɓangaren mata na masallaci, ki duba a can. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce. Katin otal ya kasance a aljihu daban da ɗan kuɗin tasi, kuma tasin ki kira ta manhaja irin BiTaksi don a san lambar motar.

Kallo kam za ki sha shi, musamman inda ba su saba ganin baƙar fata ba, yawanci mamaki ne kawai. Wanda ya wuce kallo ya fara bin ki ko tambayar ina kika sauka ko ke kaɗai ce, ba ki da bashin amsa a kansa, kunyar nan tamu ta kar a ce mun yi rashin ladabi ita ke jefa mu a matsala. Ki ce ana jiranki ki wuce. In ya nace ki ɗaga murya ki ce ayip, wato aibi ne, abin kunya, kalmar ta yi kama da tamu don duk daga Larabci suke. In ta ɓaci sosai, imdat, ma'ana a taimaka. Sai ki matsa kusa da wata dattijuwa ki kira ta teyze, kamar ki ce inna, ki tsaya a gefenta har ya gaji ya tafi.

Allah ya kai ki lafiya, in kin dawo ki rubuto mu ji yadda aka kaya.